Mita ta ce layukan a haɗe suke, amma hoton kyamara yana yagewa: ina laifin fileks ɗin?

Tambaya: Malam, na zana fileks, wato siririyar igiyar lantarki mai lanƙwasuwa, mai tsawon santimita 18 da zai haɗa kyamara da fanel (farantin da kayan lantarki ke kai) a wata na'ura mai murfi, wadda ake buɗewa ana rufewa kullum. Hawa biyu ne: layukan sigina a sama, shimfiɗar jan ƙarfe a ƙasa, tsakaninsu foliyimaid, wata roba mai jure zafi, mai kaurin maikuron 25 (maikuron dubu ne milimita ɗaya). Faɗin layukan milimita 0.15, yadda suke a kan fanel ɗin. Kyamarar MIPI ce, wato irin tsarin da kyamarar waya take tura hoto da shi. Na auna da mita, kowane layi a haɗe yake, amma hoton yana yagewa, wani lokaci ya ɗauke gaba ɗaya. Guda biyu kuma sun mutu murus bayan wata ɗaya ana aiki da su. Ina na kuskure?

Amsa: Ƙanena, ciwo biyu ne ke damun fileks ɗin nan naka, kuma abin da ya sa aikin yake da wuya shi ne maganin ɗaya yakan tayar da ɗayan. Yagewar hoto daban, mutuwar guda biyun nan daban. Bari in fara da yagewar, domin ita ce mita ba za ta taɓa nuna maka ba.

Mita wuta mara motsi take turawa, ta ga ko ta fito ta wancan bakin. Siginar kyamararka kuwa tana sauyawa kusan sau biliyan ɗaya a daƙiƙa a kan kowane tagwayen layi (layuka biyu masu ɗaukar sigina guda tare), wato kowane bit, ɗaya ko sifili, yana cin kamar nanosakan ɗaya. A cikin foliyimaid sigina tana cin kusan fikosakan 6 (fikosakan dubu ne nanosakan ɗaya) kafin ta wuce milimita ɗaya. Ninka da milimita 180 ɗinka, ka samu nanosakan ɗaya da ɗan kai. Ka ga ke nan lokacin da bit na farko yake isa fanel, na biyu ya riga ya hau hanya. A wannan gudun, sigina ba ta san abin da ke ƙarshen layi ba lokacin da ta tashi. Abin da take ji kawai shi ne yanayin hanyar da ke ƙarƙashin ƙafarta a daidai wurin da take: faɗin layin, tazararsa da giraun (shimfiɗar jan ƙarfen da ke ƙasa), da irin abin da ya raba su. Wannan shi ake kira imfidans, ana auna shi da om. Duk inda ya sauya farat ɗaya, wani kaso na siginar yakan juyo baya, kamar amsa-kuwwar wanda ya yi magana a bakin rijiya.

MIPI D-PHY yana son om 100 tsakanin tagwaye, kusan 50 ke nan ga kowane layi. A fanel ɗinka na FR4, kayan da aka saba yin fanel mai tauri da shi, layin milimita 0.15 zai iya ba da haka, saboda giraun ɗin yana ƙasa da kamar maikuron 90 ko 100. Da ka kwaso faɗin nan ka ɗora a kan maikuron 25, sai layin ya zama faranti a kan faranti. Na yi lissafin a gurguje, yana faɗowa wajen om 25. Abin da ke juyowa baya shi ne bambancin biyun a raba da jimillarsu: 25 a kan 75, kashi ɗaya cikin uku. Sulusin siginarka yana komawa tun daga bakin konektar farko, abin da ya shiga kuma ya sake cin karo a konekta ta biyu, ya dawo, ya sake juyawa, ya sauka a kan bit ɗin da ya biyo bayansa da biyu. Idan jerin bit ɗin ya zo da sauƙi sai hoto ya fita. Idan ya zo a cakuɗe sai mai karɓa ya ɗauki ɗaya a matsayin sifili, layin hoto ya yage. Shi ya sa abin yake zuwa yana tafiya kamar zazzaɓin dare.

Hanyar gyara uku ce, kuma kowacce da farashinta. Ka iya rage faɗin layi, amma a kan maikuron 25 sai ka sauko wajen milimita 0.04 zuwa 0.05 kafin ka ga om 50. Ba kowace masana'anta ke iya wannan ba, wadda ta iya ma za ta caje ka, kuma kuskuren maikuron biyar wajen cin jan ƙarfe ya isa ya jefa ka waje da iyaka. Ka iya ƙara kaurin foliyimaid zuwa maikuron 50, inda layin kusan milimita 0.09 zuwa 0.1 zai zauna daidai. Wannan ita ce hanyar da na fi so idan fileks ɗin sau ɗaya za a lanƙwasa shi wajen haɗa na'ura a bar shi. Ta ukun ita ce a huda shimfiɗar giraun ta zama raga, kamar rariyar tankaɗe, maimakon faranti guda. Jan ƙarfen da ke ƙarƙashin layi ya ragu, imfidans ya hau, fileks ɗin kuma ya ƙara laushi.

Ragar nan tana da tarko, kuma na taɓa faɗawa. Shekarun baya na zana wa wani kamfani igiyar allo, na sa raga mai manyan ramuka don in samu laushi, ban kula da inda tagwayen suka kwanta ba. Da aka kawo samfur na ɗora shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma, sai na ga ɗaya daga cikin tagwayen yana bin kan mahaɗar zaren ragar tun daga farko har ƙarshe, ɗan'uwansa kuma yana ratsa tsakiyar ramuka. Tagwaye ne a suna, amma kowa da hanyarsa da gudunsa. Allon ya yi aiki a kan tebur, sai dai na'urar ta faɗi gwajin hayaniyar lantarkin da take watsawa, muka sake zane. Tun daga ranar nake kwantar da raga a karkace, digiri 45 da layukan, ramukan ƙanana, in kuma daidaita ta yadda tsakiyar tagwayen zai faɗo kan tsakiyar zanen ragar, kowane layi ya ga abin da ɗan'uwansa yake gani. Kuma kada ka yarda da lissafin shafukan intanet na kyauta a kan raga, domin yawancinsu faranti guda suke zato. Ka tura wa masana'anta tsarin hawa-hawanka su lissafa da manhajarsu, su gaya maka faɗin da za su iya tsayawa a kai.

Akwai wani abu da sababbin masu zane suke mantawa, ni kuwa shi nake fara dubawa a kowane zane da aka kawo mini: ta ina wutar take komawa? Wuta ba ta tafiya ta zauna. Duk abin da ya bi layi sai ya dawo, kuma a babban gudu ba ya neman gajeriyar hanya, yana manne ne a giraun ɗin da ke daidai ƙarƙashin layin, kamar inuwa. Idan ka yanka shimfiɗar giraun don ka wuce da layin wuta, ko ka bar tsagi a wurin lanƙwasa, inuwar nan sai ta zagaya, zagayen kuma ya zama eriya. Ko tagwaye ba su tsira daga wannan ba, domin kowane ɗayansu ya fi jingina da giraun ɗin da ke kusa da shi fiye da ɗan'uwansa. A konekta ma haka ne. Ka dubi igiyar kyamarar Raspberry Pi mai ƙafa 15: giraun, tagwaye, giraun, tagwaye, giraun, tagwayen agogo, giraun. Ba ado ba ne. Idan a naka zanen ka tara giraun a ƙafa ɗaya can gefe don ka rage yawan ƙafafu, to can ma akwai matsala, ka gyara.

Tsawon tagwaye kuma ya zo ɗaya. Tunda milimita ɗaya fikosakan 6 ce, ni nakan riƙe bambancinsu ƙasa da milimita 0.15, in kuma gyara shi kusa da inda ya faru, ba can ƙarshen layi ba.

Yanzu ga guda biyun da suka mutu. Ban gan su ba, amma zan iya rantsuwa da abin da za ka gani idan ka kankare mayafin foliyimaid na sama a daidai maƙalar murfin: siririn tsagi ya ratsa layukan a kwance, kamar an ja reza. Masu gyaran waya a Farm Centre ta Kano sun san wannan ciwon tun zamanin wayoyi masu murfi da masu zamewa. Allo ya yi fari, a ɗan karkata murfin ya dawo, su ce fileks ne, kuma gaskiyarsu. Jan ƙarfe yana gajiya. Ka ɗauki murfin gwangwanin madara ka yi ta lanƙwasa shi gaba da baya, ba ka ja shi da ƙarfi ba amma zai rabu.

Idan aka lanƙwasa abu, bayansa yana miƙewa, cikinsa yana matsewa, tsakiyarsa kuwa ba ruwanta. Gwargwadon nisan jan ƙarfe daga tsakiyar nan, gwargwadon wahalar da yake sha. Lissafin mai sauƙi ne: nisan daga tsakiya, a raba da rediyos ɗin lanƙwasar, wato rabin faɗin da'irar da lanƙwasar ke yi. A naka, rabin foliyimaid maikuron 12.5 ne, idan jan ƙarfen na maikuron 18 ne to fatarsa ta waje tana kusan maikuron 30 daga tsakiya. Ba ka faɗi rediyos ɗin maƙalarka ba, amma a irin waɗannan murafen yakan zo wajen milimita 2. Miƙewar ta kama kashi 1.5 cikin ɗari ke nan a kowace buɗewa. Ga abin da za a lanƙwasa sau ɗaya a bar shi, wannan ba komai ba ne. Ga abin da zai yi ta motsi, adadin da ake aiki da shi daga ƙa'idar IPC-2223 kusan kashi 0.3 ne cikin ɗari. Naka ya ninka wannan sau biyar. Don ka sauko can da wannan tsarin, sai rediyos ya kai milimita 10.

To ga inda gizo yake saƙar. Ɗazu na ce ka ƙara kaurin foliyimaid zuwa maikuron 50 don sigina ta samu om ɗinta. Kana yin haka jan ƙarfen ya ƙara nisa da tsakiya, ya koma maikuron 43, rediyos ɗin da kake buƙata ya haura milimita 14. Sigina tana son kauri da giraun cikakke, maƙala tana son siranta da hawa ɗaya. Duk wanda ya ce maka akwai tsari guda da ya gamsar da su biyun ba tare da an rage wani abu ba, bai taɓa mayar da kaya masana'anta ba.

Abin da ake yi a na'urorin da motsi ne aikinsu, kamar igiyar kan firinta ko ta hannun ma'ajiyar kwamfuta mai faifai (hard disk), shi ne a sa jan ƙarfe hawa ɗaya tak a tsakiya, foliyimaid da gam na sama su yi kauri ɗaya da na ƙasa. A nan fatar jan ƙarfe mai maikuron 18 tana maikuron 9 kacal daga tsakiya, rediyos na milimita 3 ya wadatar a lissafi. Masu ƙerawa da yawa sukan ba da ƙa'idar da ta fi wannan tsauri, su ce rediyos ya kai kaurin fileks sau ɗari ga mai motsi, sau shida ga hawa ɗaya mara motsi, sau goma sha biyu ga hawa biyu. Idan wuri ya ba ka dama, bi tasu.

Da ni ne a wurinka, ga yadda zan yi. Zan bar hawa biyu a ɓangarorin da ba sa motsi, a kan foliyimaid mara gam. A yankin maƙala, da ɗan ƙari kamar milimita biyar kowane gefe, zan cire jan ƙarfen ƙasa gaba ɗaya, in sa layukan giraun a gefen kowane tagwaye a hawa ɗaya da su: giraun, sigina, sigina, giraun. Kafin shiga yankin da bayan fita, zan ɗinke giraun ɗin gefe da na ƙasa da ramukan haɗi, masu sada hawan sama da na ƙasa, ta yadda wutar da ke komawa za ta hau sama ta wuce ta sauka ba tare da ta yi yawo ba. Faɗin layi da tazararsa dole su sauya a yankin nan, tunda babu faranti a ƙasa, kuma sauyin ya zo a hankali kamar bakin mazurari. Rauninsa shi ne layin da ba shi da giraun a ƙasa yana jin duk ƙarfen da ya matso kusa da shi. Idan maƙalarka ta ƙarfe ce kuma fileks ɗin yana gogarta, imfidans zai riƙa sauyawa da buɗewar murfi. Maganin wannan shi ne siririn fim ɗin kariya mai azurfa, irin baƙin nan da kake gani a bayan fileks ɗin kyamarar waya. Ya fi jan ƙarfe laushi nesa ba kusa ba. Amma ka sani yana saukar da imfidans sosai, don haka tun a lissafi za a sa shi, ba bayan an gama a manna ba.

Kafin duk wannan ma, ka zauna da wanda ya zana akwatin na'urar. Sau da yawa milimita uku da zai ƙara maka a cikin maƙala sun fi duk dabarar da za ka yi a zane. Maimakon fileks ya karye a wuri ɗaya kamar takarda, a ba shi sarari ya yi lauje, lanƙwasar ta riƙa gangarawa tana sauya wuri, ko a naɗe shi zagaye ɗaya a jikin sandar maƙalar. Idan kuwa wurin ya matse ƙwarai har babu yadda za a yi, ka buɗe tsohuwar laftof ka duba abin da ya ratsa maƙalarta zuwa allo. A yawancinsu damin ƙananan wayoyin kowaks ne, masu zare a tsakiya da kariya a zagaye, sirara kamar gashi, saboda sun fi jure murɗewa. Ba abin kunya ba ne ka bar fileks inda bai dace ba.

Irin jan ƙarfen da ka yi oda ma yana da magana. Iri biyu ne. Akwai wanda ake tarawa da lantarki a cikin ruwan magani, ana rubuta shi ED, ƙwayoyinsa a tsaye suke kamar ginshiƙai, tsagi yana samun hanya tsakaninsu. Akwai wanda ake murzawa a gasa, RA, ƙwayoyinsa a kwance kamar ɓawon albasa. Mai motsi RA yake so, kuma a yanka shi ta yadda tsawon ƙwayoyin zai bi tsawon fileks. Idan ba ka rubuta a takardar oda ba, mai araha za a sa maka. Ga wata ɓoyayyiya kuma: fileks mai hawa biyu sai an yi wa ramukansa rufin jan ƙarfe, kuma idan ba ka hana ba, rufin nan zai hau kan layukan duka. Ka sayi RA da tsada, an lulluɓe maka shi da ED, an ƙara masa kauri. Ka rubuta cewa a rufe ramuka da bakinsu kawai. RA yana da wata fa'idar ta daban: fatarsa ta fi santsi, kuma a gigahaz ɗaya wuta a cikin maikuron biyu na fatar jan ƙarfe take gudu, don haka kaushin fata asara ce.

Sauran ƙa'idodin yankin lanƙwasa ba su da tsawo. Layuka su ratsa shi a miƙe, ba kwana, ba sauyin faɗi a tsakiyarsa. Kada ramin haɗi ko ƙafar dalma su shigo ciki. Kwana a ko'ina a fileks ta zama lauje, ba kusurwa ba. Inda layi ya shiga faifan dalma a kumbura masa wuya kamar ɗigon hawaye, domin nan ne yake yawan tsinkewa. Idan hawa biyu duk suna da layuka, kada na sama ya hau daidai kan na ƙasa, a saɓa su. Rufin zinare na ENIG yana da nikel a ƙarƙashi, nikel kuwa gautsi gare shi, don haka bakin buɗaɗɗen mayafi kada ya zo kusa da inda ake lanƙwasawa. Wutsiyar da ke shiga konektar ZIF, mai ɗan murfin da ke danne wutsiyar, yawanci kaurin milimita 0.3 ake so, sai an manna mata tokari na foliyimaid a baya. Ka sa tokarin ya zarce bakin mayafin da kamar milimita ɗaya, in ba haka ba ka haɗa wurare biyu masu rauni a layi guda, nan zai ɓalle ranar da mai gyara ya ja shi.

Game da kayan, foliyimaid, wanda DuPont ta fito da shi da sunan Kapton a shekarun 1960, ya ishe ka a wannan gudun. Ka dai nemi mara gam a tsakiya, domin gam ɗin akirilik ya fi foliyimaid cin sigina, yana kuma ƙara kauri a banza. Aibinsa shi ne shan danshi. Fileks ɗin da ya kwana a buɗe a shago cikin damina, ka kai shi zafin dalma kai tsaye, ruwan da ke ciki zai tafasa ya ɗaga hawan ya yi ƙuraje. A gasa shi a digiri 120 na awa biyu zuwa huɗu kafin a liƙa. Akwai wata roba da ake kira LCP, wani kaya ne wanda kusan ba ya shan ruwa kuma asararsa kaɗan ce, shi ya sa ake sa shi a igiyoyin eriyar manyan wayoyi. Kai ba ka buƙatarsa. Kuɗin ka kashe su a gwaji.

Gwajin kuwa biyu ne. A takardar oda ka rubuta imfidans ɗin da kake so, om 100 da rangwamen kashi 10 cikin ɗari sama ko ƙasa, ka nemi su sa guntun gwaji a gefen faranti su auna da na'urar TDR su turo maka sakamakon. Na'urar nan tana harba sigina ta saurari amsa-kuwwa, ta zana maka imfidans a kowane wuri a tsawon layin. Idan makarantarku tana da ita, ɗora tsohon fileks ɗinka ka gani da idonka yadda zanen zai nutse daga 50 zuwa ashirin da wani abu, ya tsaya a can na tsawon igiyar, ya sake hawa.

Na biyun da hannunka za ka haɗa shi. Ka sa a zana maka samfur guda wanda aka haɗa layukansa duka a jere suka zama zare ɗaya mai zuwa da dawowa. Ka ɗaura shi a ainihin maƙalar na'urar, ƙaramin injin lantarki mai juyawa yana buɗe murfin yana rufewa, Arduino, ƙaramar kwamfuta, yana ƙirga yana kuma auna juriyar zaren ba tsayawa. Dole a auna yana cikin motsi, domin tsagin farko yakan buɗe ne idan an lanƙwasa ya rufe idan an miƙe, abin da ya sa mita a kan tebur take yi maka ƙarya. Juriyar za ta fara hawa kaɗan-kaɗan kafin ya tsinke, ka rubuta adadin da ta haura kashi 10 cikin ɗari. Samsung ta ce ta gwada Galaxy Fold na 2019 har naɗi 200,000. Kai lissafa naka: idan ana buɗe murfin sau 30 a rana, shekara biyar kusan 55,000 ke nan, sai ka nemi samfurin ya ninka wannan aƙalla sau biyu. Buɗewa ɗaya a daƙiƙa, kwana ɗaya da 'yan awoyi sun ishe ka ka kai 110,000.

Kafin sabon zane ya dawo daga masana'anta, ka gwada wannan a tsohon: rage girman hoton ko yawan hotuna a daƙiƙa ta yadda direban kyamarar zai saukar da gudun layukan, in yana ba da damar haka. Idan yagewar ta ragu ko ta ɓace, imfidans ne da giraun, kamar yadda na zata. Idan ba ta damu da gudu ba amma tana zuwa duk lokacin da ka taɓa murfin, to wannan fileks ɗin ma ya fara tsagewa. Ka auna mini rediyos ɗin maƙalar, ka faɗa mini ko ta ƙarfe ce ko ta roba, ka turo da tsarin hawa-hawan da masana'antar ta ba ka, sai mu zauna a kan faɗin layukan.